Garin jeli kala uku a kantunan Zariya: wanne ya dace da mai rage ƙiba, wanne ya dace da yara

Kaya uku ne ake sayarwa da sunan garin jeli, wato garin da ke daskarar da ruwa ya zama abin ci mai laushi, a manyan kantuna da shagunan masu kayan kek na Sabon Gari da PZ da Samaru, kuma kowanne da halinsa. Akwai ɗan kwalin nan mai hoton 'ya'yan itace, wanda an riga an haɗa shi da sukari da kala da ƙamshi, irin na Foster Clark's da Jell-O. Akwai jelatin zalla, gari mai ɗan ruwan ƙasa, ba zaƙi ba kala. Na uku shi ne agar-agar, farin gari da ake samu daga ciyawar teku, wanda ya fi sauran wuyar samu, wani lokaci sai an yi saƙo Kano ko Kaduna. Uwargidan da ta shiga tsarin rage sitaci don ta sauke teɓa, ga kuma yara a gida masu ƙulafucin kayan zaƙi, ya kamata ta san bambancinsu kafin ta miƙa kuɗinta. Wanda ya fi ɗaukar ido a kan kanta shi ne ya fi ƙarancin amfani a gare ta.

A fara da kwalin mai hoto, tunda shi aka fi saya. Nauyinsa gram 80 zuwa 85 ne, yana ba da kusan rabin lita na jeli, wato ƙananan kofuna huɗu. Sauƙinsa kam ba a magana. A zuba garin a kwano, a kwarara ruwan zafi kofi ɗaya, a yi ta juyawa minti 2 har ƙwayoyin su ɓace, a ƙara ruwan sanyi kofi ɗaya, a sa a firji. Yarinya 'yar firamare ma za ta haɗa. To amma ki juya bayan kwalin ki karanta. Abu na farko a jerin kayan haɗin sukari ne, kuma ƙa'idar wannan rubutu ita ce abin da ya fi yawa shi ke zuwa farko. A kwalin Jell-O na gram 85, kowane kaso ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da sukari gram 19 da kalori 80 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa). Idan aka ninka sau huɗu, sukari ya tashi gram 76 a cikin gram 85. Jelatin ɗin da kika je saya bai kai gram 10 ba. Sukari kika saya da tsadar kayan waje.

Ga mai rage sitaci wannan lissafi ya isa ya kashe maganar. Abin da likitoci ke kira tsarin ƙarancin sitaci shi ne mutum ya riƙa cin ƙasa da gram 130 na sitaci da sukari a yini. Mai tsananin, wanda aka sani da keto, yana tsayawa tsakanin gram 20 zuwa 50. Ɗan kofi ɗaya na jelin kwali ya cinye kusan duk rabon yini guda na mai keto da ke tsayawa a gram 20, kuma ba zai riƙe ciki na rabin awa ba. Yaran ma ba su tsira ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, kuma idan da hali a sauke shi ƙasa da kashi 5, wanda ya kama kimanin gram 25 ga babban mutum, cokalin shayi 6 ke nan. Yaron da ya sha shayi da sukari da safe, ya sha lemon kwalba a makaranta, ba kofin jeli mai gram 19 ya kamata ya tarar a gida kullum ba. Ranar Sallah ko walimar sauka, inda za a raba wa yara talatin kuma lokaci ya ƙure, kwalin yana da ranarsa. Iyakar yabon da za a yi masa ke nan.

Kalar ma abin dubawa ce. Jan da rawayan da ke cikin irin waɗannan kwalaye galibi na masana'anta ne, ana rubuta su da lamba kamar E102, E110, E122 da E129. Bayan wani bincike da aka yi a Jami'ar Southampton ta Ingila a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta a riƙa rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da su cewa suna iya shafar natsuwar yara. Ba a haramta su ba, kuma kofi ɗaya a wata ba abin ta da hankali ba ne. Sai dai a garin da zoɓorodo ke cike da kasuwa, sayen jan kala na masana'anta ɓarnar kuɗi ce kawai.

Akwai kwalin da aka rubuta masa sugar free, kalori 10 kacal a kofi. Wannan ya shiga lissafin mai keto ba matsala. Zaƙinsa daga asfatem ne da makamantansa, kuma yana barin wani ɗan baƙon ɗanɗano a bayan harshe wanda wasu ba sa jurewa. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin waɗannan masu zaƙin da ba sukari ba a matsayin hanyar rage ƙiba, saboda ba a ga suna sauke kitse ba idan tafiya ta yi nisa. Babba zai iya sha jefi-jefi. Yara kuwa gara a ba su sukari kaɗan na gaskiya ko zaƙin 'ya'yan itace.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a gidajenmu: daga ina jelatin ɗin ya fito? Duk wadda ta taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana a lokacin hunturu ta ga romon ya daskare yana rawa, to ta ga jelatin. Daga fata da ƙashi da jijiya ake tatso shi, kuma a masana'antun Turai da Amurka fatar alade na cikin manyan abubuwan da ake yin sa da su. Idan kwali ya ce gelatin ko gelatine ya yi shiru, bai faɗa miki komai ba. Ki nemi inda aka rubuta beef ko bovine, wato saniya, ko fish, wato kifi, tare da tambarin halal, domin saniyar ma akwai maganar yanka. Idan kin ga pork ko porcine, wato alade, sai ki mayar kan kanta. Malamai sun yi saɓani a kan ko sarrafawar da aka yi masa ta canza asalinsa, amma tunda na halal yana samuwa, ba dalilin shiga shubuha. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a lokaci guda. Inda aka fi samun matsala shi ne jelatin na awo, wanda mai shago ya buɗe babban buhu ya ƙulla a farar leda ba rubutu. Yana da araha, gaskiya ne, amma ba ki san dabbar ba, ba ki san ƙarfinsa ba. Ki ce a nuna miki asalin buhun. Mai shagon kirki ba zai ƙi ba.

Jelatin zalla shi ne kayan da ya cancanci kuɗinsa, saboda ke ce mai iko da zaƙin. Ƙaramar ledar gram 7, irin ta Knox, kusan gram 6 nata furotin ne, kalorinta bai wuce 25 ba, sitaci babu ko kaɗan. Wannan gram 7 ɗin shi ke daskarar da ruwa rabin lita. Idan babu sikeli, cokalin shayi 2 da rabi ne a shafe, ba a tula ba. Rabin lita kuma ba sai an nemi kofin awo ba, ledar fiya wata guda ce daidai. Wannan awon na ƙasashen sanyi ne. A nan gara ki kai gram 9 ko 10, musamman idan za a juye shi daga kwano ya tsaya da kansa. Idan kuma wanda yara za su ɗauka da hannu ne, sai ki kai gram 18 zuwa 20.

Haɗinsa yana da mataki ɗaya da mutane ke tsallakewa, daga nan kuma duk ɓarna take farawa. Ba a zuba garin kai tsaye cikin ruwan zafi. Idan aka yi haka bayan kowace ƙwaya zai jiƙe ya manne da na kusa da ita, cikin ya zauna a bushe, sai gudaji masu danƙo waɗanda ko an kwana ana juyawa ba za su narke ba. Ki ɗebi cokalin cin abinci 4 na ruwan sanyi a faffaɗan kwano, ki barbaɗa garin a kai a hankali, a warwatse, kada ki tara shi wuri ɗaya. Ki bar shi minti 5 zuwa 10. Zai shanye ruwan ya kumbura ya dunƙule. Daga nan sai ki ɗumama kofi ɗaya na abin da za ki daskarar, ya yi zafin da yatsa zai shiga ya fito da sauri, kamar digiri 50 zuwa 60, ki sauke daga wuta, ki zuba jelatin ɗin ki juya. Ki ɗaga cokalin ki duba bayansa a haske. Muddin akwai ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, da saura. Idan ya washe sai ki haɗa da ragowar ruwan. Kada ki tafasa shi, domin tafasa mai tsawo tana tsinka shi ya rasa ƙarfi, ga wani ƙarni na fata da yake tasowa. Awa 4 a firji shi ne mafi ƙaranci, idan ya kwana ya fi tsayuwa. Firiza kuma ba gajeriyar hanya ba ce. Ƙanƙara tana yayyaga shi, idan ya saki sai ya riƙa tsiyayar da ruwa.

Zoɓo shi ne abu na farko da za a yi tunanin daskararwa, kuma a nan ne aka fi kuka da cewa jelatin ɗin jabu ne. Yawanci ba jabu ba ne. Ɗanyar abarba da gwanda da ɗanyar citta da ɓaure, kowanne yana da wani sinadari mai narkar da furotin, shi ya sa ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda. Jelatin kuwa furotin ne. Idan suka haɗu ɗanye, ko kwana uku kwanon ya yi a firji ruwa zai zauna, kuma ƙara gari ba ya gyarawa. Zafi ne ke kashe sinadarin. Zoɓon da aka tafasa tare da cittarsa da ɓawon abarbarsa lafiya lau yake. Wanda ke ɓata aiki shi ne wanda bayan an sauke ya huce aka markaɗa ɗanyar abarba da citta aka tace a ciki don ƙamshi. Idan haka kike yin naki, ki tafasa markaɗen minti 5 tukuna. Abarbar gwangwani ba ta da wannan matsala, an riga an dafa ta. Tsami ma yana rage wa jelatin ƙarfi, don haka zoɓo da tsamiya da lemon tsami suna son ƙarin kamar cokalin shayi ɗaya a kan awon da aka faɗa. Masu jefa 'yar kanwa don kashe tsamin zoɓo su sani kalar za ta koma duhu, jan nan mai haske da yara ke so zai tafi.

Babban aibin jelatin a Zariya shi ne zafi. Yana fara narkewa tun daga digiri 30 zuwa 35. Wannan ne ya sa yake narkewa a baki da daɗi, wannan ne kuma ya sa a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 35, faranti ba ya kai rabin awa a tsakar gida sai ya kwanta. Ga wuta da ba ta da alƙawari. Firjin da aka ɗauke wa wuta bayan awa ɗaya da saka kwano ba zai daskarar da komai ba. Abin da ya narke yana sake daskarewa idan wuta ta dawo, matuƙar bai daɗe cikin ɗumi ba, amma kwalliyar hawa-hawa ta riga ta cakuɗe. Dabarar masu yi ita ce kula da ƙanƙarar leda: a jera ƙananan kofuna a kan ƙanƙara, a rufe, kada a yi ta buɗewa. Ƙananan kofuna sun fi babban kwano saurin kamawa nesa ba kusa ba. Daga Disamba zuwa Janairu kuwa jelatin ba ya ba da wahala.

A nan agar-agar ya yi wa jelatin fintinkau. Ba ya bukatar firji kafin ya daskare, da zarar ya huce zuwa wajen digiri 35 zuwa 40 sai ya kama, kuma ba ya sake narkewa sai an kai shi kusan digiri 85. Za a iya ɗaukar sa daga Tudun Wada zuwa Shika a bayan mota da tsakar rana ya isa yadda yake. Tsiro ne, don haka maganar yanka ba ta taso ba, lambarsa a jikin kaya E406. Ɗanyar abarba da gwanda ba sa narkar da shi tunda ba furotin ba ne. Kusan dukkansa harza ce da ciki ba ya narkarwa, ba ya ƙara wa mai rage sitaci komai a lissafi. Kuma kaɗan ake sakawa: cokalin shayi ɗaya, kimanin gram 2, ya ishi kofi ɗaya na mililita 250 idan ana son ya yi tauri a yanka. Idan mai laushi ake so, cokali ɗaya da rabi ya ishi rabin lita.

Haɗinsa kishiyar na jelatin ne, kuma wadda ta saba da ɗaya takan ɓata ɗayan. Agar dole ya tafasa. A zuba shi a ruwan sanyi a tukunya, a kaɗa, a ɗora a wuta ana juyawa, idan ya tafaso a rage wuta a bar shi minti 2 zuwa 3. Wanda bai tafasa ba ba ya kamawa, sai dai tsaki-tsaki a ƙasan kwano. Kada a dafa shi cikin abu mai tsami, tsami da zafi tare suna karya shi. A tafasa shi a rabin ruwan zalla, a sauke, sannan a zuba zoɓo mai kauri ko ruwan lemo. Abin da za a zuba ɗin ya kasance da ɗumi, domin idan daga firji ya fito, agar zai daskare nan take ya yi zare-zare kafin a gama juyawa. Kwanukan su kasance a jere tun kafin a sauke tukunya, ba ya jira. Idan ya kama a tukunya a mayar wuta, yana sake narkewa.

Inda ya gaza shi ne a baki. Ba ya rawa, ba ya narkewa a harshe, karyewa yake yi ana taunawa. Yaron da ya saba da jelin kwali zai ce wannan ba shi ba ne, kuma yana da gaskiya. Idan aka cika shi yana sassauta ciki, idan ya kwana biyu yana fitar da ruwa a gefe. Sannan rashin narkewarsa yana yaudarar mutane su ɗauka ba ya lalacewa. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello sun san a kan agar ake renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Tun farkon shekarun 1880 aka koma kansa a ɗakin binciken Robert Koch a Jamus, bisa shawarar Fanny Hesse, saboda jelatin ɗin da suke amfani da shi yana narkewa da zafi. Duk jelin da aka sa wa madara ko kindirmo ko 'ya'yan itace kada ya wuce awa 2 a waje, da bazara kuwa awa ɗaya, ko da idonki yana ganin sa garau.

Yanzu ga abin da ya sa gari zalla ya fi kwali a gidan da uwa ke rage ƙiba yara kuma suna girma: tukunya ɗaya ake ɗorawa, a raba ta biyu kafin a sa zaƙi. A tafasa zoɓo lita ɗaya da citta da kanumfari, a tace, a narkar da jelatin gram 20 a ciki. A ɗebi rabi a sa masa sukari cokalin cin abinci 2, ko ruwan lemon zaƙi da yankakkiyar kankana, wannan na yara ne, kowane kofi ya tashi da sukari gram 6 zuwa 7 maimakon 19. Ɗaya rabin a sa masa sitibiya, zaƙin wani ganye da ba sukari ba, ko a bar shi da tsaminsa da ɗan ganyen na'ana'a, wannan na uwargida ne. Ki lura da ƙananan ledojin zaƙin masu ciwon suga, wasu an cika su da dextrose ko maltodextrin, su ma sukari ne a wajen jini. Zuma da dabino kuma ba mafita ba ne ga mai wannan tsari. Cokalin cin abinci ɗaya na zuma yana da sukari gram 17, dabino kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ayaba tana da sitaci da sukari gram 23 a kowane gram 100, mangwaro 15, kankana 7 zuwa 8. Madarar shanu kofi ɗaya gram 12. Mafi riƙe ciki a cikin abin da mai rage sitaci za ta iya yi shi ne na madarar kwakwa ko kindirmo mara sukari: kofi 2, jelatin gram 7, a narkar da shi a ruwa kaɗan tukuna, a bar shi ya huce zuwa ɗumi-ɗumi kafin a kaɗa cikin kindirmon, domin zafi yana tsinka nono.

A faɗi gaskiya a nan, domin masu talla a Facebook da TikTok ba za su faɗa ba: jelatin ba ya ƙona kitse. Amfaninsa ga mai rage ƙiba ɗaya ne, yana toshe kwaɗayin zaƙi na bayan la'asar, lokacin da hannu ke zuwa kan cincin da biskit. Furotin ɗinsa ma ba cikakke ba ne, akwai wani muhimmin ɓangare da jiki ke bukata wanda babu shi a ciki sam, don haka ba zai maye gurbin ƙwai da kifi da awara da nama ba. Aikin gaske yana kan faranti: shinkafa dafaffiya kofi ɗaya tana da sitaci kusan gram 45, malmalar tuwo da burodi da taliya da fura duk sahu ɗaya suke. A rage su, a cika da miyar kuɓewa da alayyahu da kwaɗon zogale da kabeji da yalo. Kilo ɗaya ko biyun da ke faɗuwa a makon farko yawancinsa ruwa ne, saboda sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka kowane gram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan gram 3. Ciwon kai da kasala da taurin bayan gida na kwanakin farko ma daga nan suke, ruwa da gishiri ne suka fita. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar sauke suga kada ta yanke sitaci sai ta ga likitanta, sugan na iya faɗuwa warwas. Haka mai shan maganin hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai shayarwa.

Yara kuma ba a sa su a wannan tsari. Tuwonsu da shinkafarsu da kununsu a bar musu. Keto ɗin da ake yi wa yara a asibiti maganin farfaɗiya ne mai taurin kai, tun 1921 aka fara shi a Amurka, kuma ƙarƙashin kulawar likita ake yi. Abin da za a rage musu sukarin ƙari ne kawai. Ɗan ƙasa da shekara 2 ba ya bukatar sukarin ƙari ko kaɗan, ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma ba a ba shi zuma.

Wajen kwalliya, abin da ya fi burge yara bai ci ko sisi ba: ɓawon lemo. A raba lemon zaƙi biyu, a kwaƙule cikin da cokali ba tare da an huda ɓawon ba, a tace ruwan a haɗa jelin da shi. A jera ɓawon a kan bakin kofuna don kada su karkace, a cika, a sa a firji. Idan ya daskare a yanka kowane rabi gida uku da wuƙa mai kaifi da aka tsoma a ruwan zafi. Sai ga yankan lemo ja da rawaya, yaro ya riƙe ɓawon ya ci ba cokali. Wannan yana son awon gram 18 ɗin nan, ko agar. Farantin ƙanƙara da kofunan yogot da aka wanke su ma suna aiki, ba sai an sayi na roba masu siffar taurari ba, ko da yake su ɗin sun fi saurin saki. Idan jelin jelatin ya ƙi fita, a tsoma gindin kwanon a ruwan ɗumi daƙiƙa 5 zuwa 10, a ja gefen da yatsa iska ta shiga, a kife a jiƙaƙƙen faranti don a iya gyara masa zama.

Mai hawa-hawa, jan zoɓo da farin madara da rawayan mangwaro, ko kore-fari-kore na ranar 1 ga Oktoba, haƙuri yake so. Da jelatin, kowane hawa sai ya yi minti 20 zuwa 30 a firji, ya kama amma yana ɗan manne wa yatsa, kuma wanda za a zuba a kai ya huce sosai, a zuba ta bayan cokali. Idan da zafinsa zai narkar da na ƙasa kaloli su gauraye. Idan kuma na ƙasan ya kwana ya yi santsi, hawan ba za su riƙe juna ba, wajen yanka sai su zame. Da agar akasin haka ne: a zuba na biyu da zafinsa da zarar na farko ya yi fata a sama, a ɗan kakkarce shi da cokali mai yatsu. 'Ya'yan itace kuma idan aka zuba su jelin yana ruwa, ayaba da kankana za su taso sama, inabi ya nutse. A jira sai ya fara kauri yana bin cokali.

Jeli mai tauri yana iya shaƙe ƙaramin yaro, kuma wannan ba tsoratarwa ba ce. Ƙananan kofunan jelin nan na kanti da ake zuƙa da baki, waɗanda ake yi da konjak, garin saiwar wani tsiro, mai lamba E425, Tarayyar Turai ta dakatar da su a 2002 bayan mutuwar yara ta hanyar shaƙewa, saboda ba sa narkewa a maƙogwaro. Agar ma ba ya narkewa da ɗumin jiki. Ga ɗan ƙasa da shekara 4 a yi masa mai laushi na jelatin, a farfasa da cokali, ya zauna ya ci a gaban babba. Inabi a raba shi huɗu a tsaye, kankana a cire mata 'ya'ya.

Idan kin sayi gari na awo, ki gwada shi kafin ranar taro. Jelatin cokalin shayi ɗaya a ruwa mililita 200, a jiƙa, a narkar, ya kwana a firji. Idan da safe ya tsaya ya riƙe shatin cokali, ƙarfinsa daidai ne. Idan yana malala, ki ƙara rabin awon a duk abin da za ki yi da wannan ledar. Ragowar garin ki juye shi a kwalba mai murfi, nesa da murhu, musamman daga Yuni zuwa Satumba, domin danshin damina yana dunƙule shi a cikin leda, kuma wanda ya fara wari ko ya canza kala zubarwa ake yi.